Goron da Na Ci a Zauren Dagaci

Jiya da la'asar kun dawo daga bakin kasuwa da kwalayenku a hammata, kowa kansa a sunkuye yana duba yadda ya fito a hoto. Ɗayanku har ya ce mini, "Baba Hassan, ashe aikin nan naku ba wuya, tsayuwa ce kawai da ɗaga kwali." Lokacin ina tsakiyar alwala. Yau da na samu sarari na ce bari in rubuta muku, don na san halinku, in da baki na fara, kafin in kai tsakiya rabinku sun tafi neman wurin cajin waya.

A takardar ƙungiya sunan aikina jami'in wayar da kai. A cikin garin Azare kuwa "mai hana kwal" ake ce mini, wasu da girmamawa, wasu da tsokana. Kwal, ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, yana kama wuta, kuma ya fi gawayin itace daɗewa yana ci. Mu nan ƙasar Katagum ba a haƙa shi. A tirela yake zo mana daga wata jiha, masu gidan burodi da masu injin shinkafa su saya. Aikina shi ne in je wurin mutumin da ya riga ya yi niyya, ya zuba dukiyarsa a kan wannan dutse, in sa ya sauya shawara, gobe kuma mu haɗu a masallaci mu gaisa. Wanda ya ce wannan abu ne mai sauƙi, ina jin ko ƙanensa bai taɓa hanawa wani abu ba.

Ni tela ne asalina. Wani dattijo, Malam Bukar, tsohon malamin daji da ya yi ritaya, ya riƙa zuwa shagona duk mako yana roƙon guntayen farin yadi. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Malam, wai 'yar tsana kake ɗinkawa ne?" Ya ce in rufe shago in biyo shi. Muka je bayan wani gidan burodi da ya koma gashi da kwal, ya ɗaura ƙyalle guda a jikin dangar makwabta. Muka taka har wata unguwa mai nisa, ya ɗaura na biyu. Bayan mako muka kwance su. Na unguwa mai nisa ya yi ɗan ja-ja irin na ƙasa, na bayan gidan burodin kuwa kamar an goge gindin tukunya da shi. Malam Bukar ya shimfiɗa su a kan bencin mai burodin, ya zauna.

Mai burodin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Malam, ya kuke so in yi? Ku kuka ce a daina sare itace, na daina. Yanzu kuma wannan." Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe wannan ita ce maganar da za ta fara tare ku. Malam Bukar bai yi masa wa'azi ba. Ya fara da sa shi ƙara tsawon bututun hayaƙi, daga baya ya haɗa shi da wasu mata masu dunƙula ɓawon gyaɗa su mai da shi gawayi. Sai da aka shekara kafin mutumin ya rabu da kwal gaba ɗaya. A hanyarmu ta komawa ranar farko Malam Bukar ya ce da ni, "Hassan, kar ka kuskura ka ce wa mai iyali 'bari' in ba ka zo masa da abin da zai kama ba. Yunwa za ta mai da shi, kai kuma ka zama maƙiyi."

Shekara uku na yi ina bin sa, ni ke tuƙa babur, shi yana baya yana gyara mini tuƙi. Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: tabarma, ƙyallayen nan, kwalba, da takarda da tawadar dangwale. Ƙyallen ma sai da na koyi yankansa. Akwai ranar da na ga guntaye sun yi mini ƙanƙanta, na yanko alawayyo kamu biyar na naɗe a hammata na yi sallama gidan wani mai burodi. Mahaifiyarsa na leƙowa ta ga baƙo da farin yadi, sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, a zatonta likkafani na kawo. Tun ranar nake yanka su daidai hankici, in yi musu jan kalmasa a baki.

Lasifikar da kuke rububin riƙewa, sau ɗaya na yi aiki da ita da gaske, a kasuwar Giade. Na hau kan benci na kwashe rabin sa'a ina bayani, mutane sun cika maƙil, ina ta jin daɗi. Da na sauko wani tsoho ya ja ni gefe ya ce, "Malam, na basir ɗin nawa ne ƙulli?" Tabarma ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Ita kake shimfiɗawa a ƙofar gidan mutum ka zauna ƙasa da shi, ka ji kukansa na taki da na ciwon ƙafa, kafin ka kawo naka.

Kwalbar kuwa labarinta daban. Malam Bukar ya taɓa kai ni can inda ake haƙar kwal ɗin, muka kwana biyu a wani ƙauye da ke gangaren tulin da ake jibgewa. Aka jawo mana ruwan rijiya, ya fito ruwan ɗorawa mai ja-ja, yana warin ashana. Malam Bukar ya ce in kurɓa. Na kurɓa, tsami da ɗanɗanon ƙarfe suka riƙe mini harshe har la'asar. Mutanen wurin suka ce da rani ba ruwansu da tulin sai dai baƙar ƙura, amma da zarar ruwan sama ya sauka a kansa, abin da ya tsiyaye ƙasa yake shiga, daga ƙasa kuma sai rijiya. Na cika kwalbata da ruwan nan. Na yi shekaru ina yawo da ita, kuma ta fi ni iya magana.

Abu na ƙarshe da ya koya mini shi ne tambayar da yake yi duk inda muka ga sabon gini: "Kuɗin wa?" Tirelar kwal ba ta tasowa da kuɗin aljihu, yawanci akwai banki a baya. Haka na san Madam Saratu, wata 'yar kudancin Bauchi da ke kula da rance a wani banki a nan Azare. Zuwana na farko da na biyu masinja ta sa ya raka ni waje. A na uku na ajiye mata kwalbar a tebur na ce ajiya ce, zan dawo. Da na dawo ta ba ni kujera. Ita ta gaya mini cewa kafin su ba da babban rance na masana'anta, sai an kawo musu takardar da ke nuna makwabtan wurin sun san abin da za a yi kuma sun yarda. Ku riƙe wannan takardar a ranku, don ita ta kusa kashe mini sana'a.

Akwai wani ƙauye a hanyar Bulkachuwa, ba zan kama sunansa ba don har yanzu ina cin tuwo a can. Rijiya ɗaya suke sha, a bakin fadama, ruwanta garai-garai, kuma a kwamin da ke gefenta shanun Fulanin wurin suke sha. Sama da rijiyar akwai wani fili mai gangare, duk ruwan da ya sauka a kansa wajenta yake gangarowa. Bayan kaka na wata shekara na ji ƙishin-ƙishin Alhaji Manu, mai injin shinkafa a Azare, zai kafa sabon inji a wajen, kuma wani dillali ya zuga shi ya riƙa hura tukunyar turara shinkafar da kwal. Alhaji Manu ba mugun mutum ba ne. Shi ke sayen shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, daga hannun manoman yankin duka, kuma tsadar man dizal ta ishe shi.

Na shirya zuwa wurin dagacin garin in ji gaskiyar magana. A hanya ƙaya ta fasa mini taya, na tura babur har wurin mai faci, ban isa ba sai da rana ta take. Na tarar da zauren dagaci cike da dattawa, hannuwa a sama ana addu'a. Na tuɓe takalmi na raɓa gefe na ɗaga nawa. Aka shafa. Sai ga faranti yana zagayawa da goro. Na san an yi wa dagaci haihuwa a makon, na ce a raina walimar suna ce na tarar. Na zaɓi wani farin goro babba, na ɓare, na jefa a baki, har da cewa, "Allah ya sanya albarka." Na ga wasu sun juyo sun dube ni, na ɗauka gaisuwa ce, na gyaɗa musu kai.

Ku 'yan birni ƙila ba ku sani ba. A ƙauyukanmu in an sayar da gona ko fili, ana shafa fatiha a raba goron shaida. Duk wanda ya karɓa ya ci, ya zama shaidar cinikin, ko bayan shekara talatin aka yi rikici shi za a kira. Ni da aka haifa a ƙasar nan na san wannan sarai. Abin da ban yi ba shi ne in tambayi na kusa da ni taron na mene ne kafin in miƙa hannu. Filin saman rijiya aka sayar wa Alhaji Manu a wannan zama, magatakardan dagaci kuma ya bi duk wanda ya ci goro ya rubuta sunansa.

Ba a yi mako uku ba tirela biyu suka juye kwal a filin, tuli ya tashi ya fi tsayin ɗaki. Na garzaya da tabarmata da kwalbata. Na shimfiɗa a ƙofar gida ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya zauna. Wani ya ce mini, "Malam Hassan, kai da ka sa albarka, me kuma ya dawo da kai?" Kwana biyu bayan haka Madam Saratu ta kira ni ofis, ta juyo mini da takardar yardar makwabta, ashe sunayen da magatakardan dagaci ya rubuta aka kai mata. Sunana ne na bakwai. Ta ce, "Ni da na ga sunanka ko karanta sauran ban yi ba, na ce tunda mai hana kwal yana ciki, lafiya ke nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Magana ta bazu a Azare cewa an ba ni goro, kuma kun san abin da ake nufi da haka. 'Yan ƙungiya suka zauna suka ce in ɗan huta tukuna. Na tafi wurin Malam Bukar, lokacin tsufa ya zaunar da shi a gida. Na ba shi labari tun daga facin taya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "Fari ne ko ja?" Na ce fari. Ya ce, "To ko ba komai ka ci mai kyau." Da ya ga ban yi dariya ba ya ce, "Shekara uku ina koya maka zama, ashe ban koya maka shiga ba. Laifina ne rabi." Na koma kan keken ɗinki. Wata uku ina ɗinka kayan makaranta, in na hango mutumin ƙauyen nan a kasuwa in sauya layi. Kunya nake ji, kuma ina jin tsoro, don na san abin da ruwan farko zai yi in ya sauka a kan tulin nan.

Zafi ya fara tsananta, wata ranar kasuwa, sai ga Inna Dudu a ƙofar shagona. Tsohuwar Bafulatana ce mai tallan nono, rugarsu ce mafi kusa da rijiyar. Ta sauke ƙwaryarta a kan yadin mutane ba ko neman izini.

Ta ce, "Malam Hassan, ka ci goron ko ba ka ci ba?"

Na ce, "Na ci, Inna."

"To ka zama shaida. Me ka shaida?"

"Wallahi Inna ban ji komai ba. Ana shafawa na shiga."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Gemu har ƙirji. To tashi ka je ka tambayi waɗanda suka ji. Ni mace ce, ba a kira ni zauren ba. Kai an rubuta ka, ba mai hana ka tambaya. Gabas ta fara haɗa gira, kai kana nan kana ɗinkin wando."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ko nonon ba ta yi mini tayi ba.

Washegari na hau babur. Mu tara ne shaidu. Ban neme su a zaure ko a ƙofar masallaci ba, inda kowa ke kallon bakin kowa. Lokacin sharar gona ne, sai na bi su gonakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na fara da Malam Garba, wanda ya fi su shekaru. Na karɓi manjagara na taya shi tara kara har muka gama kunya biyu, sannan na ce, "Baba, na zo ne ka rufa mini asiri. An rubuta ni shaida, ban san abin da na shaida ba. In aka kira ni gobe me zan ce?" Ya jingina da fartanyarsa ya ce, "Sito. Alhaji da bakinsa ya ce sito zai gina na ajiye shanshera, inji kuma can bakin titi. Ba wanda ya ambaci baƙin dutse." Na ce to me ya hana ku magana? Ya ce, "Mun ci goron mutum, kuma shi ke sayen shinkafarmu. Ni na ɗauka ma kunnena ne ya tsufa."

Abin da na tarar ke nan gona bayan gona. Kowa ya ji sito, kowa kuma yana zaton shi kaɗai ya ji. Wani sai na je sau uku kafin ya buɗe baki, wani ya ce in zo bayan Juma'a, in na zo ya ce wata Juma'ar yake nufi. Biyu suka ƙi ƙememe, ban kuma matsa musu ba, don 'ya'yansu suna aiki a injin Alhaji. Shida suka yarda za su faɗa a gaban dagaci, amma da sharaɗin ba su za su fara ba.

Ban yarda na shiga zaure da "bari" kaɗai a hannuna ba. Na je wurin Alhaji Manu a tsohon injinsa na Azare. Ya bar ni a tsaye, yana ta faɗa da direbobi. A bayan injin akwai tsaunin buntu, ɓawon da ake cirewa daga shinkafa, gefensa yana ta cin wuta a hankali. Da ya juyo kaina, kafin in ce komai ya nuna tsaunin ya ce, "Kai mai wayar da kai, in kana da wayo ka raba ni da wannan bala'in. Biya nake a kwashe, gobe ya dawo." Na ce Allah ya kawo mafita, na yi sallama. Daga nan na shiga mota zuwa Kano wurin wani maƙerin tukwanen tururi da Malam Bukar ya sani. Ya zana mini yadda ake gyara bakin murhun tukunya ya riƙa cin buntu. Na kai wa Madam Saratu zanen. Ta ce in Alhaji ya nema da kansa, ba abin da zai hana a karkatar da rancen can, manyanta ma sun fi son haka.

Aka sa ranar zama da hantsi. Dagaci a kan kujerarsa, Alhaji Manu a gefensa yana kaɗa makullin mota, Madam Saratu a kujerar roba, Inna Dudu a bakin ƙofa ta waje inda za ta ji komai. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne shaida na bakwai. Na ci goro a zauren nan ina zaton na suna ne. Ban ji ciniki ba, ban ji sharaɗi ba, na sa albarka a kan abin da ban sani ba. Na zo a gaya mini abin da na shaida." Zaure ya kwashe da dariya, har dagaci sai da ya rufe baki da hannun riga. Na bar su suka yi mai isarsu. Dariyar nan ita ta kwance wa mutane harshe, don bayan abin kunyar da na faɗa a kaina, na kowa ya zama ƙarami. Malam Garba ya gyara murya ya ce sito ya ji. Na kusa da shi ya ce shi ma. Haka har shida.

Alhaji ya miƙe. "Filina ne! Na saya, na biya, an shafa fatiha. In na ga dama in zuba duwatsu, in na ga dama in zuba toka!" Limamin garin ya ce ciniki yana nan daram, ba mai tayar da shi, amma abin da aka faɗa a gaban shaidu shi ma yana nan. Madam Saratu ta buɗe jakarta a hankali ta ce, "Alhaji, takardar da ke wurina ta sito ce. In kwal ne, sai an kawo mini wata da dangwalen mutanen nan." Alhaji ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗago kai, ba kuma wanda ya janye maganarsa.

A nan ne sana'ar take, ku buɗe kunne. Mutum ya shiga lungu a gaban jama'a. Da ɗayanku ne, nan zai zaro waya ya ɗauka, kafin azahar duk Azare ta gani, Alhaji kuma ya rantse ko zai tsiyace sai kwal ɗin nan ya kwana a wurin shekara goma. Kwalbata tana cikin jaka, ban fito da ita ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gaskiya Alhaji ya riga mu tunani. Kwanaki da bakinsa ya ce in nemo masa yadda zai yi da buntunsa. Ga abin da na samo masa." Ban yi ƙarya ba, ya faɗa. Na miƙa masa zanen da hannu biyu. Ya karɓa yana huci, ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya tambayi Madam ko da gaske banki zai yarda. Ta ce ƙwarai. Ya zauna. Can ya ce, "Ni dama kwal ɗin nan bai kwanta mini ba. Dillalin nan ne ya cika ni da surutu." Duk muka gyaɗa kai, har da ni, har da Malam Garba. Yau in kun je injinsa zai ba ku labarin yadda ya ƙi kwal tun kafin kowa ya waye, kuma in kun ji, ku ce masa haka ne.

Saura kwashewa. Dillalin ya yarda zai mai da kayansa, amma yau tirela ta lalace, gobe direba ya tafi biki. Kullum da yamma gabas sai ta yi baƙi, a yi cida, iska ta watsar. Kwana goma sha ɗaya ina kwana a ƙauyen ina kallon sama kamar manomin da ya yi shuka a busasshiyar ƙasa. Ranar da tirelolin suka zo, 'yan lodi suka kwashe manyan da shebur kafin azahar, suka kakkaɓe hannu za su tafi. Amma garin kwal ɗin ya riga ya cakuɗe da yashi, filin baƙi ƙirin, kuma shi ne ya fi saurin bin ruwa. Inna Dudu ta shiga gari ta fito da mata, kowace da tsintsiya da kwano. Maza suka kawo fartanya muka kankare ƙasar sama kamar taƙi guda. Buhu ya ƙare mana, sai ga motar Alhaji da buhunan inji, shi da kansa ya tsaya yana nuna inda aka tsallake da bakin takalminsa. Muka gama dab da magariba, ba mai gane wani a cikinmu sai ta murya.

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwan farko da la'asar, mai ƙarfi, na tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato dogon yaro, ina kallon yadda yake gangarowa daga filin ya nufi fadama. Ba a gane komai ranar, sai ƙasa ta sha ta tace. Muka ba shi kwana uku. A safiya ta huɗu mata suka taru a bakin rijiya da tuluna da jarkoki, ba wadda ta zura guga. Ni ina tsaye a gaba, don in mun makara ko mun bar wani abu a ƙasa, sunana ne na bakwai a takardar.

Inna Dudu ta zura gugarta ta jawo. Ta zuba a ƙoƙo, ta karkata shi wajen rana ta duba, ta sansana. Ta kurɓa ta riƙe a baki, tana kallon nesa. Sannan ta haɗiye. Ta sake cika ƙoƙon ta shanye tas, ta goge baki da gefen mayafi, ta juya wajen matan.

"Ku ɗiba," ta ce. Ta dube ni. "Kai kuma Malam, matsa mana, ka tare hanya."

Na matsa.